Abin da Ya Rage Mini Daga Firamare

Shekara shida yaro yake yi a firamare, zango uku a kowace shekara, kwana biyar a kowane mako. Idan aka tara lissafin, za a ga ya haura kwana dubu, kuma kwanaki ne na lokacin da ƙwaƙwalwa take ɗanya, tana karɓar duk abin da aka zuba mata. Amma tambayi wanda ya yi firamare ya faɗa maka abin da ya koya a waɗannan kwanaki, sai ka ga ya yi jim, ya yi murmushi, sannan ya ambaci wani malami mai bulala, ko ƙosan da ake sayarwa a bakin ƙofa idan an tashi tara. Bayan na kammala digiri na yi wa kaina wannan tambaya, na zauna na sheƙe abin da na tuna. Ƙaiƙayi ya bi iska, 'yar tsaba ta rage. Wannan 'yar tsabar ce ta nuna mini irin aikin aji da yake zama ilimi, da irin wanda yake zama gajiya kawai.

Na shiga aji ɗaya a 2006, a wata makarantar gwamnati da ke garinmu a kudancin jihar Katsina. Mu 'ya'yan shirin ilimin bai-ɗaya ne, wanda Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, dokar da ta ce kowane yaro zai yi karatun shekara tara kyauta kuma tilas. Iyaye sun amsa kira, ajujuwa suka cika maƙil. A ajinmu mun haura tamanin, masu tsawo a kan benci, mu ƙanana a ƙasa kan buhun da kowa ya zo da shi daga gida. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara talatin da biyar, amma Malamarmu ita kaɗai ce a kanmu, daga ita sai alli da allon da manyan ɗalibai suke shafe wa da gawayi idan ya koɗe.

Aikin farko da muka iya shi ne amshi. Malama ta faɗa, mu maimaita. Ta ɗaga murya, mu ɗaga fiye da ita, har 'yan ajin da ke maƙwabtaka da mu su ji haushi su ƙara tasu. Da amshi muka haddace haruffa da kwanakin mako da watannin shekara da jihohi talatin da shida da manyan biranensu. Ba zan raina wannan aiki ba, domin har gobe idan ina neman bakwai sau takwas, muryar ajinmu ce take kawo mini hamsin da shida kafin in yi tunani. Hadda tana da muhallinta, kuma al'ummar da ta san darajar mahaddata ba ta bukatar a yi mata wa'azi a kan haka. Illar amshi ita ce yana rufa wa rashin sani asiri. A cikin murya tamanin, wanda ya sani da wanda yake motsa baki kawai duk ɗaya suke. Ranar da wani mai duba makarantu ya zo, ya ɗauki sanda ya nuna harafi daga tsakiyar allo maimakon daga farko, ajin ya yi tsit kamar ruwa ya ci mu. Mun san waƙar daga farko zuwa ƙarshe, amma kaɗan daga cikinmu ne suka san fuskar harafin idan an raba shi da 'yan'uwansa.

Aiki na biyu shi ne kwafa, kuma shi ya ci mafi yawan kwanakinmu. Malami ya cika allo da rubutu daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce a kwafe, wani lokaci ma ya miƙa wa monita littafinsa ya fita. Akwai yaran da rubutunsu ya fi na kowa kyau, suna zana kowane harafi a tsanake kamar mai zanen lalle, amma in ka ce su karanta abin da suka rubuta sai ido ya raina fata. Hoton rubutu suke ɗauka, ba su san abin da yake cewa ba. Ana duba littafinsu a ba su maki, a yaba musu tsafta, su wuce aji na gaba. Ta haka yaro yake kaiwa aji shida da littattafai cike da rubutun hannunsa, alhali ko takardar asibiti ba zai iya karanta wa mahaifiyarsa ba.

Abin da ya ƙara ɗaure wannan ƙulli shi ne harshe. Tsarin ilimi na ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977, a wancan lokaci ya tanadi a koyar da yaro da harshen gidansu ko na yankinsu a shekarun farko na firamare, daga baya Turanci ya karɓi ragama. A wurinmu wannan sauyi ya zo kamar faɗuwa rijiya. Muna shiga aji huɗu aka ce daga yau Hausa ta zama “banakula”, monita zai rubuta sunan duk wanda ya yi ta. Abin da ya biyo baya shiru ne. Yaran da suka fi kowa surutu da tambaya suka kama bakinsu, domin wanda bai da kalmar da zai yi tambaya da ita, dole ya haɗiye tambayarsa. Malami ya gama bayani ya ce ko mun gane, mu amsa da ƙarfi, “Yas sa!” Shi ya san ba mu gane ba, mu ma mun san ya sani, amma aka bar maganar a haka. Sai da na je jami'a na karanta labarin gwajin da Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara a Ife a 1970, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi guda a cikin darussa. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har ma sun fi su a fannoni da dama, kuma Turancinsu bai raunana ba. Ashe abin da muka ji a jikinmu muna yara, an riga an auna shi tun kafin a haife mu.

Yanzu bari in zo ga tsabar. Duk abin da ya zauna mini daram daga firamare, idan na bi sawunsa, sai in tarar hannuna ya taɓa shi. Malamin lissafinmu na aji uku ya sa kowa ya zo da tsinken tsintsiya ɗari da zaren ɗauri. Muka ƙirga goma-goma muka ɗaure, kowane dami sunansa goma, tsinken da bai shiga dami ba sunansa ɗaya. Kafin wannan rana ana koya mana cewa idan za ka ɗebe 17 daga 32, bakwai ba za ta fita daga biyu ba, sai ka ari ɗaya daga maƙwabci. Wannan magana ta daɗe tana ɗaure mini kai. Yaya za a ari ɗaya ya zama goma? Kuma wane irin aro ne wannan da ba a taɓa biya? Da Malam ya ce mu ajiye dami uku da tsinke biyu, mu cire sha bakwai, sai kowa ya ga ba makawa sai an kwance dami guda. Ina kwance zaren, tsinke goma suka zube a kan biyun, suka zama sha biyu. Babu wani aro, ashe, dukiyarka ce ka warware. Abin da aka yi zango guda ana faɗa mini da baki, yatsuna suka gane shi kafin a kaɗa ƙararrawa.

Haka kuma darasin tsiro. Kowane rukuni ya zo da gwangwanin madara biyu, muka huda gindinsu, muka zuba ƙasa muka shuka wake. Ɗaya muka ajiye a bakin taga, ɗaya Malam ya kulle a cikin kabad, ana ba su ruwa daidai wa daida. Kafin a buɗe kabad ya sa kowa ya faɗi abin da yake zaton za a gani. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne, muka ce na cikin duhu ba zai fito ba. Da aka buɗe bayan kwanaki, sai ga shi ya fito, har ya fi na taga tsawo, amma siriri, fari fat, ganyensa rawaya, yana langaɓewa kamar marar lafiya. Ajin ya kaure da gardama. A nan Malam ya bayyana mana cewa ƙwaya tana ɗauke da guzurinta, da shi take tsira ko a duhu, amma idan guzurin ya ƙare sai ganye ya sami hasken rana kafin ya haɗa wa tsiro abinci. Na sake haɗuwa da wannan darasi a sakandare da dogon suna na Turanci, amma a lokacin sunan kawai aka ƙara mini. Abin da ya fi waken muhimmanci shi ne an tambaye mu zatonmu, zaton ya kuskure, kuma ba wanda aka daka. A ranar na fara sanin cewa ana iya cewa “ina zato”, sannan a je a duba.

Akwai wadda muke zama benci ɗaya da ita daga aji uku har aji shida. Kullum da ta koma gida sai ta ɗauki farantin dafaffiyar gyaɗa ta nufi tasha, wani lokaci ma da farantin take zuwa makaranta ta ɓoye shi a bayan aji. A lissafi kusan kullum ita ce ta ƙarshe. Idan aka rubuta 50 a ɗebe 35, sai ta rubuta 25, domin tana cire ƙaramin lamba daga babba a kowane layi, ba ruwanta da wanda yake sama. An riga an yanke mata hukunci cewa ba ta da kai. Wata rana a aji huɗu wata ɗalibar kwalejin ilimi da ta zo koyon aikin koyarwa ta buɗe mana kanti a cikin aji. Aka jera kwalayen ashana da gwangwanaye da murafen kwalba, aka yanka takardu aka rubuta musu naira biyar, goma, ashirin da hamsin. Aka sa ƙawata a bayan tebur. Na ɗauki kayan naira talatin da biyar na miƙa mata hamsin. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, “Talatin da biyar, arba'in, hamsin. Ungo sha biyar ɗinki.” Yara suka yi layi, kowa yana ƙoƙarin rikita ta da ciniki mai wuya, ba wanda ya ci ta ko sau ɗaya. Malamar ta kira ta gaban allo ta ce, “Ke, abin da kika yi yanzu shi ne wannan da kike faɗuwa kullum.” Ta daɗe tana kallon lambobin, sannan ta ce, “Anti, dama wannan canji ne?”

Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Yarinyar nan ta fi mu duka lissafi, shekara uku tana zaune a gaban allon da bai taɓa yi mata magana da harshen da ta sani ba. Malamar ta yi makonninta ta koma kwaleji, kantin ya watse, muka koma kwafa. Ƙawata ta gama aji shida ba ta iya karanta shafi guda ba. Da maganar sakandare ta taso, mahaifinta ya ce shekara shida ya ba makaranta, bai ga abin da ta dawo masa da shi ba. Na daɗe ina jin zafin wannan magana, amma da na girma na ga cewa mutumin lissafi ya yi, irin wanda 'yarsa ta iya. Idan ana maganar yaran da ba sa zuwa makaranta a Arewa, akan ɗora laifin a kan iyaye da al'ada da talauci, kuma duk suna da kasonsu. Sai dai akwai kason da aji yake da shi, domin uban da ya ga ɗansa yana karanta masa wasiƙa ba ya saurin cire shi daga makaranta.

Wani abin mamaki shi ne, maganin wannan ciwo yana nan kusa da mu, a zauren da muke zuwa da yamma. A makarantar allo ba a cewa duk 'yan shekara bakwai su tsaya a wuri ɗaya. Kowa da allonsa, kowa da inda ya kai. Ana farawa da babbaƙu, haruffa tsirara, da sunayen da Bahaushe ya raɗa musu don yaro ya riƙe siffarsu, irin su mim jaye da nun guda. Sai farfaru, inda ake sa musu wasali. Sannan a fara haɗawa. Ba ka wanke allonka sai ka zo gaban Malam kai kaɗai ka biya, ya ji da kunnensa cewa ka iya. In ba ka iya ba ka koma ka maimaita, ba wanda zai ce zango ya ƙare. Makarantar allo tana da nata matsalolin, waɗanda kowa ya sani, amma a wannan gaɓa ɗaya ta fi ajinmu na boko gaskiya: ba ta yarda murya tamanin ta tsaya wa yaro ɗaya shaida ba.

Na ga irin wannan hikima a wata hanya da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta ɓullo da ita, wadda ake kira koyarwa daidai da matakin yaro, kuma an gwada ta a wasu jihohinmu, ciki har da Borno da Kano. Ana zama da kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, a ga ko yana gane harafi, ko kalma, ko sakin layi, ko cikakken labari. Sai a raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ko aji ba, a ware wani lokaci kullum ana aiki da su da harshen da suke ji, da katunan haruffa da tsinke da dami. Da na karanta bayanin sai na yi dariya, domin na ga Malaminmu na aji uku da Malaminmu na zaure sun haɗu a takarda ɗaya. Bukatar irin wannan aiki ba ƙarama ba ce. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa yara bakwai cikin goma 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa kusan tara ne cikin goma. Duk sanda na ga wannan adadi, fuskokin 'yan bencinmu nake gani.

Ni kaina ba kwafa ce ta koya mini karatu ba. Malamin Hausa na aji biyar yana da tsohon kwafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, bangonsa ya yage an liƙe shi da takarda. Duk ranar Juma'a kafin a tashi yakan karanta mana labari guda daga cikin waɗanda aku yake ba Musa ɗan Sarki, yana sauya murya, ya yi ta Sarki, ya yi ta Waziri. Idan labari ya kai inda ya fi daɗi sai ya rufe littafin ya ce, “Wanda yake son ƙarshensa ya zo ya karanta mana.” Kwaɗayin jin ƙarshen labari ya sa na riƙa zama lokacin tara ina haɗa baƙi da wasali, har ranar da na miƙe na karanta shafi guda a gaban aji, gwiwoyina suna rawa. Daga baya ya raba mana matsayi muka mai da wani labarin wasan kwaikwayo, da rawanin ɗankwali da sandar kara. Yaran da ba su taɓa buɗe baki a aji ba suka haddace dogayen jawabai, domin wannan karon maganar tana da ma'ana, kuma akwai masu saurare.

Akwai kuma darasin aikin hannu, wanda na ga mutuwarsa da idona. A ajujuwan farko mukan tufka igiya, mu saƙa faifai da mafici, mu gina 'yan tukwane da yumɓu. Kafin mu kai aji shida an koma cewa wanda bai yi ba ya kawo tsintsiyar kasuwa, daga nan aka koma karɓar kuɗi a ba da maki. Wannan darasi yana da tsohon tarihi a ƙasar nan, domin makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'o'in hannu, kuma da Hausa ake koyarwa a cikinta. Mu kuwa abin da muka koya a ƙarshe shi ne ana iya sayen maki. Darasi ne da ba a rubuta shi a manhaja ba, amma ya shiga, kuma wasunmu sun tafi da shi har jami'a.

Ba na son a bar jaki a daki taiki. Malamin da aka ba yara tamanin, ba littafi, ba kujera, albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, idan ya koma ga amshi da kwafa, ya zaɓi hanyar da mutum ɗaya zai iya riƙe taro ne. Gyaran wannan yana wuyan hukuma: a ƙara ajujuwa, a ɗauki ƙwararrun malamai, a biya su a kan kari, a wadata yara da littattafan karatu cikin harshensu. Amma abin lura shi ne, duk ayyukan da suka amfane ni ba wanda ya ci kuɗin kirki. Tsinken tsintsiya, gwangwanin madara, kwalin ashana, tsohon littafi guda. Abin da suka ci shi ne tunanin malami da yardarsa cewa yaron da ke gabansa ya zo da wani abu daga gida, ba tulu ne wofi ba. Saboda haka ina ganin ya kamata kwalejojin ilimi su ba wannan fanni ƙarfi, masu duba makarantu kuma su rage duba kyawun rubutu a littafi, su riƙa kiran yaro ɗaya daga bencin baya su miƙa masa labari ya karanta.

Iyaye da yayye ma muna da abin yi, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Idan yaro ya dawo daga makaranta, tambayar da aka saba yi masa ita ce na nawa ya zo. A ƙara masa da wata: a ba shi kwalin magani ko takardar gayyatar biki ya karanta, a aike shi kanti ya lissafo canji kafin ya tafi, a ce ya ba da labarin abin da ya yi da hannunsa yau. In ya kasa, an gano da wuri, tun icce yana ɗanye. Ni dai na ɗauki wannan a matsayin bashin da firamare take bi na. Duk ranar Asabar ina tara yaran layinmu a zauren gidanmu na awa ɗaya, da damin tsinke da katunan haruffa da littafin labari. Cikinsu akwai ɗiyar ƙawata ta benci, 'yar shekara bakwai. Uwar ce ta kawo ta da kanta, ta ce mini, “Ga ta nan. Canji na riga na koya mata, saura karatun.”